Inna Za Ta Ga Garin Kan Ruwa

Shekarar da yayana ya auri Baturiya a Italiya, ya aiko cewa Inna ta shirya, zai kai ta Venis, tsohon garin nan da aka gina a kan ruwa. Ba zama za ta yi ba, ta dai ba ido abinci ta dawo. Inna da ko gadar baraji, madatsar ruwan garinmu, ba ta hayewa sai da salati, ta ce ta yarda.

Nan da nan unguwarmu Zongo ta ɗauka. Masu sautun takalmi da jaka suka yi ta sallama, 'yan baƙin ciki kuma na cewa kwalekwale zai kife da ita. Ita ko a jikinta. Ta kai shadda ɗinki unguwar Dapoya, ta daka yaji, ta sa aka yi kilishi.

Yayan nawa shi ne ɗanta na fari, don haka saboda kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa. Ko a waya ba ta magana da shi. In mun je telesantir, shagon buga waya, ni ke riƙe kan wayar, tana zaune a benci, ina kai magana ina kawowa.

Wata rana da muka je ya zayyana mini tsarin tafiyar: dandalin tantabaru, gadoji, masu hura gilashi. Ina faɗa mata, tana murmushi a cikin mayafi. Sai ya rage murya.

"Bon, akwai abu ɗaya. In ta zo, gwaggona ce, kin ji? Da ina neman takardu na ce musu uwata ta rasu. Matata da iyayenta haka suka sani."

Na ce, "Yaya, kana da hankali kuwa?"

"Mene ne a ciki? Ai dama ba ta taɓa cewa ni ɗanta ne a gaban mutane ba. Ta ci gaba kawai."

Wallahi da yana kusa da na rotsa masa wayar nan a ka. Matar da ta yi ta tuyar ƙosai a bakin titi har idonta ya lalace don ya yi lakwal, ya samu ilimin boko! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na so in ɓoye, amma wayar wurin tana da amo, kuma ɗakin bai fi shagon tela ba. Mutanen da ke jiran layi duk sun kasa kunne. Inna ta ji komai.

Ta gyara mayafinta. Na zaci za ta ce a fasa. Sai ta ce, "Tambayi wancan, wace cuta ce ta kashe uwar tasa? Kada surukai su tambaye ni in faɗi wata daban, in kunyata shi."