Kwano bisa katanga

Na haura shekara arba'in kafin na shiga lekol ɗin manya, makarantar yaƙi da jahilci. Ba wanda ya tura ni. Gajiya na yi da miƙa wa mutane wayata su karanta mini saƙon ɗiyata da ke aure a Arlit, su karanta, su kuma kwashi sirrin gidanta su tafi da shi. Sai dai madam ɗin da ke koya mana ba ta samun sukuni sai bayan la'asar, daga Litinin zuwa Alhamis, kuma kowace mace a Agadas ta san lokacin ne ake ɗora girkin dare.

Maigida bai hana ni ba. Cewa ya yi, "Ki je ki zama minista in kina so. Ni dai in na dawo daga garaji in tarar da miya."

Shekarar nan aikin garajin ya ja baya, motocin da ke shiga sahara sun ragu, gawayi kuwa kullum ƙara tsada yake. Mu biyar ne a gida: ni, shi, da jikoki uku da nake riƙo. Na zauna na yi tunani, na ga abu ɗaya nake da shi wanda zai fishe ni: tsohuwar firigo mai daskarar da ruwa, wadda na saya ta hannu ina sayar da ƙanƙara.

Lokacin ɗari ne, tumatin lambunan Ayar ya cika kasuwa, har masu shi na roƙon a ɗauka don kada ya ruɓe musu. Ran Asabar na sayo kwando guda, da albasa, da tattasai, da tafarnuwa, da ƙashin akuya mai ɗan nama a jiki. Ran Lahadi tun da hantsi na ciro babbar tukunyar da ba a taɓa ta sai ran suna, na ɗora bisa murhu. Wuta ɗaya na hura, mai sau ɗaya na soya, na yi miyar da za ta kai mu Alhamis. Rabi na bari jajjage, rabi na sa masa gyaɗa.

Ban iya ba da farko, kuma ba wanda zan tambaya. Na ƙulla miya da zafinta, leda ta fashe mini a hannu. Na sa pompiter, dankalin turawa, a ciki, da ya narke ya koma kamar soso. Na gane kuɓewa ba ta son firigo, yauƙinta mutuwa yake, gara a kaɗa ta ranar da za a ci. Na koyi shimfiɗa ledar ta yi faɗi kamar tafin hannu, don ta narke da wuri. In wuta ta ɗauke, ba mai buɗe murfin nan ko da uban wa yake yawo. Bargo nake lulluɓa mata, ƙanƙarar sayarwa ta riƙe miyar har a maido da wuta. Kuma da yake duk miyar da ta daskare kamarta ɗaya, sai na fara rubutu a jikin leda. Kalmomin farko da na rubuta ba a littafin lekol ba, su ne "gyaɗa" da "tumati", a karkace, da hannu mai warin albasa.

Abin ya yi. In na dawo daf da magariba, sai in kunna gaz, in dafa shinkafa ko makaroni, in juye leda ɗaya a ƙaramar tukunya. Ba hayaƙi, ba daka, ba hayaniya. Kowace leda na auna ta daidai bakin mutum biyar, ko cokali bai ragewa. Har alfahari nake yi da hakan.

Tsakaninmu da gidan da ke gabas da mu katangar laka ce, kuma akwai wani wuri da ta ɗan zaizaye, daidai kafaɗata. Ta nan muke ciyayya da Inna tun ina amarya. Ba ita ta haife ni ba, maƙwabciya ce, tsohuwa mai saƙar faifai, mijinta ya rasu, ɗanta guda ya tafi haƙar zinariya, sai jefi-jefi ake jin labarinsa. Kullum in na sauke girki sai in zuba nata in aza bisa katanga in ce, "Inna, ga shi." Ita ma in ta dama fura da cuku ko ta samu dabinon Bilma, ta nan yake biyowa. Ban taɓa ɗaukar wannan kwanon wani abu ba. Hannu ne kawai ya saba.

Ranar da ta ji na shiga lekol, dariya ta yi har da tari.

"Ɗiyar nan, da furfurarki za ki zauna bisa benci? In madam ta ce ki yi gurfane, wa zai tashe ki?"

"Ku za ku zo ku tashe ni, Inna, tunda ku gwiwarku sabuwa ce."

Haka muke da ita. Amma maganar ta zauna mini, sai na ƙi gaya mata dabarar firigo, don na san abin da za ta ce. Kuma a tarbiyyar da aka yi mana, ba a aika wa babba miyar da ta kwana. Raini ne. To ina ga wadda ta kwana uku? Na auna abin a raina na ce, in girmama ta. Ran Lahadi in na yi sabon girki sai in cika mata kwano. Sauran kwanakin ba na aika komai.

Mako na uku, ran Talata, na dawo na tarar da kwano bisa katanga, an rufe da faifai. Shinkafa da wake ce, da ɗan mai a kai. Na ce alheri ne, muka ci. Laraba ma haka. Alhamis dambu. Mako na gaba ya sake zagayowa, kwano bai fasa ba. Ba ta kira, ba ta cewa ga shi, sai dai in tarar.

Ni mace ce mai zafin kai, ban ɓoye ba. Da na lura ba ta aikowa sai ranakun da nake lekol, raina ya ba ni habaici ne: ga wadda ta bar jikoki da yunwa ta tafi karatun tsufa. Na ɗauki kwanon da abincinsa, ko mayafi ban gyara ba, na zagaya ta ƙofa.

Na same ta zaune a zaure na ciki, bisa tabarma, da ɗan kofin shayi da dabino uku a gabanta. Tukunyarta na gefe, an kankare ta har ƙasa. Na dubi tukunyar, na dubi kwanon da ke hannuna. Ƴar tukunya ce, abin da ke cikin kwanon nan shi ne duk abin da za ta iya ɗauka. Na dubi wuyan hannun Inna, na ga awarwaronta ya sauko har kusa da yatsu.

Na ajiye kwanon a gabanta. Sai ita ta riga ni magana.

"Me ya dawo da shi? Gishiri ya yi yawa?"

"Inna, me kuka ci yau?"

"Ke kika haife ni? Mayar wa yara abinsu." Ta rage murya. "Ba kunya ba ce, ɗiyata. Kowa ya san garaji ba aiki. Gida mai yara uku, hayaƙi sau ɗaya a mako, turmi ya yi shiru. Ina da hanci, ina da kunne. Ba wanda na gaya wa."

Nan na zauna a ƙasa, ba tabarma. Shekara ashirin da wani abu ina aza kwano bisa katangar nan, ban taɓa tambayar kaina ko shi ne abincin darenta ba. Shi ne. Na ɗauke mata shi don kada in raina ta, ita kuma ta ɗauki na ranarta tana ba mu don kada a ji mu.

Ban iya ba da haƙuri da baki ba, har gobe. Na kama hannunta na ce ta taso. Tana ta faɗa, ina janta, har gaban firigo. Na ɗaga murfi. Ledoji jere, kamar tubali.

"Wannan fa?"

"Miya ce, Inna. Ta Lahadi."

Ta ɗauki ɗaya, ta ƙwanƙwasa ta a jikin firigo, ta ji ƙara.

"La'ilaha illallahu. Miyar da za a jefi kare da ita? Wannan kuke ci, ni ina can ina kuka dominku?"

"Ita muke ci. Kunya na ji in aiko muku da ta kwana."

"Kunya! Ke da ba ki ji kunyar zama bisa benci ba?" Ta tura mini ledar a ƙirji. "Ɗora in gani. In na mutu, ke za ki yi wa ɗana bayani."

Na ɗora. Ta zauna tana kallon dutsen yana narkewa, ƙamshin tafarnuwa na tashi. Ta ci shinkafa da miyar gyaɗa, ta suɗe hannu, ta ce tattasai ya yi kaɗan, kuma mai hankali ba ya soya albasa haka. A ranar leda ɗaya ta ciyar da mutum shida, kowa ya tashi da ɗan saura a cikinsa, maigida ya yi ƙorafi, na ce ya sha ruwa.

Lahadin da ta biyo, tun ban gama hura wuta ba ta shigo da wuƙarta, wai ta zo ta ga yadda ake lalata tumati. Ita ta yanka albasar duka. Da muka zo ƙulli, na ƙara ludayi guda a kowace leda. Ta sa ido tana ƙirgawa.

Yanzu ina karanta saƙon ɗiyata da kaina, a hankali, ina bin sa da yatsa. Firigon ta tsufa, murfinta sai an danne da dutse. Ran Litinin in na dawo, nakan juye leda, in zuba kwano na farko in aza bisa katanga.

"Inna, ga shi."

"Ta yaushe ce?"

"Ta jiya."

"To, da sauƙi. Wadda za ta kai Alhamis ce nake tsoro."

Sai in ji an janye kwanon.