Malama Orlena da Wutar da Muka Hana Ta Kunnawa

Ranar Laraba, goma sha shida ga Oktoba, da hantsi, Delphine Paskett ta kira ni a makaranta ta ce mahaifiyarta ta rasu. Malama Orlena, tsohuwar ma'aikaciyar gandun dajin ƙasa da ke saman garinmu na Harlow Creek, ta cika a kan kujerarta ta baranda tana da shekara tamanin da huɗu, da takalman shiga daji a ƙafarta. Na ajiye waya na koma aji na ƙarasa darasin yaƙin basasa, kuma har yau ban san abin da na gaya wa ɗaliban ba.

Malama, ba ni ya kamata in rubuta wannan ba, kuma kin san dalili. Amma babu wanda ya ɗauki alƙalami, ni kuma nauyin ya hana ni sakat.

Babu wanda ya tashi a garin nan bai bi ta hannunki ba. Ke kika ƙirƙiro akwatunan nan na katako da ake aika wa makarantu, kowanne da taswira da gashin barewa da ɓawon itace da tsofaffin hotunan masu haƙar zinariya. Shekarar da na fara koyar da tarihi ba ni da komai sai allo, kika kawo mini guda biyu a bayan akori-kurarki, kika ce in daina karanta wa yara littafi kamar mai karanta sammaci. Duk ranar da ɗalibai suka hau gandu sai ki zo da burodi da man gyaɗa fiye da cikin mutum goma, ki yi ta mitar cewa hannunki ne ya zarce, don kada wanda ya zo ba guzuri ya ji kunya. Da matata ta kwanta asibiti, sati uku kina riƙe mini aji, ba ki taɓa tayar da zancen ba.

Abin da kowa ya fi tunawa shi ne gungumen. A ɗakin baƙi na gandun akwai yankin gindin wata itaciyar sikoya da ta faɗi, irin ƙattin itatuwan nan masu shekara dubbai, faɗinsa ya fi tsawon mutum biyu, an manna ƙananan allunan tagulla masu rubutu a kan layukan shekarunsa: nan Turawa suka iso, nan aka sami 'yancin kai, nan aka 'yanta bayi. Baƙi tagullar suke ɗauka hoto. Ke kuwa sai ki sa yaro ya rufe ido ya bi itacen da yatsa daga tsakiya zuwa baki. Yatsan ya riƙa faɗawa cikin tabon ƙuna, bayan shekara takwas, bayan sha ɗaya, bayan shida, haka har ƙarni da ƙarni. Ki ce wasu tsawa ce ta kunna, wasu kuma mutanen asali na ƙasar nan ne, waɗanda suka san a ƙone ƙasa kaɗan-kaɗan kafin ciyayi su yi yawa. Daga inda aka kore su daga tsaunin, itacen ya koma sumul har baki. Yara kan ce to, nan aka sami lafiya. Ki ce a'a, nan aka fara tara itacen girki.

Amma mu da muka manyanta ba wannan darasin muka fara ji daga bakinki ba. Kina 'yar shekara ashirin da huɗu kika rubuta ɗan littafin nan mai koren bango, wanda ke cewa wuta abokiyar gabar daji ce, ko ƙanƙanuwa a kashe ta. Akwai alkawari a shafin ƙarshe, muka haddace shi muna aji uku, hannu a ƙirji. Kin iya koyarwa, abin ya zauna mana daram. Da kika gane kuskure ne, kin yi shekara talatin kina bin makarantun kwarin nan ɗaya bayan ɗaya kina roƙon a mayar miki da littafinki. Kin tara kwali goma sha bakwai a garejinki. Wanda ke cikin kanmu ne kika kasa karɓewa.

Bara ma'aikatan gandu suka tsara ƙona ƙasan babban kurmin da gangan, a hankali, lokacin da ƙasa ke da danshi. Gefen kurmin ya haɗe da filin gari, don haka sai mutanen gari sun yarda. Kika tsaya a ɗakin taro da sandarki kina bayani. Mutane na tsoron hayaƙi, suna tsoron wutar ta ƙwace, amma ba su da bakin faɗa a gabanki. Ni na ba su baki. Na miƙe da koren littafin, nawa na aji uku, na karanta alkawarin da ƙarfi. Rabin ɗakin suka kama tare da ni, masu furfura, suna dariya. Na ji daɗin kaina a ranar, ba zan ɓoye ba.

Kika jira muka gama, sannan kika ce, "Amos, ashe ka iya karatu? Da kana aji uku ban yi zato ba."

Aka yi dariya, aka kaɗa ƙuri'a, aka kayar da ke.

Ba ki yi fushi da ni ba, ko kin yi ba ki nuna ba. A watan Satumban nan kika tsaya da motarki a ƙofar gidana kika yi ta danna oda har na fito.

"Shiga, ka ja ni zuwa sama. Idona ya daina ganin kwanar hanya."

"Malama, ina da takardun jarrabawa."

"Za su jira ka. Ai ba itace ba ne, ba mai ƙone su."

A cikin kurmin kika ce in sauka daga hanya in taka. Ban yi taku goma ba na nutse har ƙugu cikin matattun rassa da busasshen ganye, abu yana karyewa a ƙarƙashina ba ƙasa. Ƙananan itatuwa masu saurin kamawa sun cushe tsakanin manyan, sun miƙe har sun taɓo rassansu. Kika ce in nemo miki jaririyar sikoya ko guda ɗaya. Na yi rabin awa ina dubawa ban samu ba, don kwansonta ba ya sakin iri sosai sai ya ji zafi, irin kuma ba ya kamawa sai a kan toka.

"Ka ga tsofaffin nan?" in ji ki. "Shekara dubu biyu ana ƙona musu ƙafa, ko a jikinsu. Amma wannan tulin in ya kama a watan Agusta, ta kai wutar za ta ci su. In ta gama da su kuma, gangara ce kawai zuwa gidanka."

Na ce zan tashi a taro na gaba in janye abin da na yi. Kika ce kar in tashi da wani dogon Turanci, in ɗaga hannu kawai.

An sa taron ranar Talata, ashirin da biyu ga wannan wata. Yayyafi ya sauka a farkon Oktoba, ƙasa ta yi laushi daidai, kuma ma'aikatan da za su riƙe wutar sun ce za su iya jira har ƙarshen wata, daga nan a tura su wata jiha. Delphine ta nuna mini takardar da aka samu a cinyarki: sunayen gidaje sittin da ɗaya, kin kira arba'in da huɗu, kin ja layi a ƙarƙashin waɗanda suka yi alkawari. Na ƙirga su. Da an yi taron, da kin yi nasara da ƙuri'a uku.

Mun binne ki ranar Asabar. Garin kaf ya fito, 'yan makaranta sun jeru a bakin titi, an sauke tuta zuwa rabin sanda. A bakin kabari magajin gari, Dwight Okerlund, wanda shi ma ɗalibinki ne, ya yi jawabi yana kuka, kukan gaske. Ya ce bai dace a yi gardama a kan abin da ya raba kan gari ba alhali makoki bai watse ba, saboda haka, don girmama ki, majalisa ta ɗage taron zuwa bayan Kirsimeti. Mutane suka gyaɗa kai, wasu suka ce ya kyauta. Ina tsaye taku uku daga gare shi. Na buɗe baki, na dubi akwatin gawarki, na ga kamar ba wurin magana ba ne, na yi shiru.

Jiya motocin ma'aikatan suka bi ta gaban makaranta suka gangara. Masu hasashen yanayi sun ce dusar ƙanƙara ba za ta yi yawa bana ba, wato kurmin zai bushe ƙayau kafin Agusta.

Allah ya jiƙanki, Malama Orlena. Ya gafarta miki kurakuranki, ya dubi shekarun da kika ƙarar kina gyaran guda ɗaya daga ciki, ya ba ki hutawa a wuri mai sanyi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Delphine da ƙanenta Royce, da jikokinki biyar, da abokan aikinki na gandu. Allah ya ba ku haƙurin rashi. Mu kuma da muka rage a gindin tsaunin nan, Allah ya kai mu kaka mai zuwa da kurmin a tsaye, ya ba mu danshi irin na bana sau ɗaya tak, ko da ba mu cancanta ba.

Amos Treadwell
Harlow Creek