Goro Mai Sankara a Farantina

Ni mai goro ce a Salaga, uwata ma mai goro ce. Ban taɓa shiga aji ba, amma in aka kwance huhu a gabana, kafin ganye ya gama buɗewa na san wanda sankara ta ci, tsutsar nan da ke huda goro ta bar shi da baƙin ciki a ciki.

Shekarar da jikata za ta gama jami'a, ta zo gida da kwamfuta a jaka. Ta ce aikin da za a auna ta da shi ke nan: ta koya wa na'ura ta dubi hoton goro ta ce mai kyau ne ko mai sankara. In na'ura ta iya, ta fita. In ba ta iya ba, sai baɗi.

"Kaka, idonki na zo aro."

"Aro ko sata?"

"In kin tafi da shi kabari wa ya amfana, tsohuwa?"

Muka zauna a rumfa. Ina warewa, tana ɗaukar hoto da waya. Mai kyau in ɗora a farin farantina, mai sankara in jefa kan tsohon buhu a ƙasa. Haka na ga uwata na yi. Goron kirki ba ya taɓa ƙasa, shi ake kai wa suna, shi ake kai wa ɗaurin aure.

Ta ce a cikin na'urar akwai idanu jeri-jeri, kamar mata a layi suna miƙa wa juna goro. Ta farko gefe kawai take gani, ta biye ta ga launi da tabo, ta can ƙurya ta haɗa duka ta yanke hukunci. In ta kuskure a gaya mata, ta gyara, a sake nuna mata, a sake, a sake. Wasu hotunan kuma jikata ta ɓoye, ba ta nuna wa na'ura ba sai ranar gwaji. Ranar gwaji na'ura ta ci kusan duka. Yarinya ta yi rawa a tsakar gida. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Na yi shekaru kafin idona ya buɗe, wannan abu mako biyu?

Jikata ta hau mota ta kai na'urar Yendi, wurin ƙanwata da ke baza goro a kan buhu a kasuwa. Da azahar ta kira ni.

"Kaka, duk goron nan na'ura ta ce sankara ne."

"Ƙanwata ba ta sayar da ruɓaɓɓe."

"Na sani."

Ta wuce Bawku wurin kawunta, mai tura goro ƙetaren iyaka. Shi a farar roba yake zuba nasa. Can kuma na'ura ta ce duka mai kyau ne, har wanda tsutsa ke leƙowa daga ciki.

Kwana uku ban iya zama ba. In fita ƙofa, in dawo, in ɗauki tsintsiya, in ajiye. Duk babur ɗin da ya tsaya sai in ce ita ce. Da ta dawo ko abinci ba ta taɓa ba, ga kwanakin miƙa aiki sun matso. Ina tambayarta a kan me aka zuba goron a Yendi, a kan me a Bawku, idona na kan farantin da ke jingine da bango. Sai na tashi na ɗauko goron da ya fi kowanne lalacewa, na ɗora a kai.

"Ɗauka."

Ta ɗauka. Na'ura ta ce mai kyau ne.

Na ɗauko babban goro fari sol, na ajiye a buhu. Na'ura ta ce sankara.

"'Yar nan, ba goro ta koya ba. Farantina ta koya."

Jikata ta ce, "To, sai mu sake, Kaka. Amma a gauraya. Mai kyau a ƙasa, ruɓaɓɓe a faranti."

Hannuna ya ƙi. Sai da na yi bisimilla, na roƙi uwata gafara a zuci, kafin na saki goron kirki ya gangara kan buhu. Muka ɗauka a ganye, a tabarma, a tafin hannu, a rana, a inuwa. Hotunan Yendi da Bawku ta ɓoye su don gwaji. Wannan karon na'ura ta kuskure nan da can, kamar sabuwar 'yar talla, amma goron take kallo.

Malamanta suka karɓi aikin, ta fita. Farantin kuwa na wanke shi da toka sau uku kafin na mayar da goron kirki a kansa.