Saƙon da Aka Kai wa Matar Sarkin Yaƙi

Autata tun tana yarinya ba ta barin magana ta wuce a karkace. Shekararta tara wani ya tsaya a bakin ƙofarmu, bai ko sauka daga keke ba, ya ce ubanta ya rasu a wurin aiki, a aiko a ɗauki takalmansa. Ba ta yi kuka ba, ta dai bi shi da kallo har ya sha kwana.

Yau aikinta duba rubutun wani wasan kwamfuta, na sarakunan dā masu ganuwa da takubba. Layi dubu arba'in, ita kaɗai, a kan teburin ɗinkina da ta ƙwace. Nakan ce mata, “Manya da gemu suna yaƙin ƙarya, ke kina wanke musu baki.”

Ran nan na ga ta ƙura wa wani layi ido. Na ce lafiya?

“Inna, saurara. Sarkin yaƙi ya mutu, ga saƙon da ake kai wa matarsa: ‘An yi asara. Ana samun wani a kasuwa.’”

Ashe saƙon mutuwar doki ne ya faɗa gurbin na mutum.

Ta kira maigidan aikinsu, ina jin muryarsa ta waya. Ya ce an riga an rufe aiki, kuma cikin masu wasan dubu da ƙyar ɗaya zai kai wurin. Wai ta sa hannu kawai, in ba haka ba akwai masu jiran kujerarta.

“Ranka ya daɗe, wannan ɗayan nake yi wa aiki. Ba zan sa ba.”

Da aikin nan fa muke ci. Na harare ta, ko kallona ba ta yi ba. Kwana uku wayar ba ta yi ƙara ba. A na huɗu ya kira, murya a cushe: layi ɗaya ya yarda, kar ta ƙara ko ɗigo.

Wuni guda ta yi a kan layin nan, ta rubuta ta goge. Da la'asar ta karanta mini: “Uwargida, na sauka daga doki ne don in gaya miki. Ki zauna tukuna.”

Shekara ashirin da shida tun zuwan mai keken nan, ba wanda ya ce mini haka. A tsaye nake, riƙe da tsintsiya. Na nemi kujera na zauna.