Noti huɗu a cikin hula

Ni na haƙa rijiyar gonata, ni na sayi injin ban ruwa, kuma ban taɓa kai shi wurin makanike ba.

Jiya na kwance salansarsa, wato bututun hayaƙi, na wanke. Zan mayar, noti huɗu suka yi ɓatan dabo, ga albasata kwana uku ba ruwa. Da azahar na koma gida rai a ɓace.

Inna, mahaifiyata, ta ƙare mini kallo ta ce, "Sabi'u, cire hularka."

Sai ga su sun zubo!

"Haka ubanka yake ɓoye goro, ya dawo yana tuhumata."

Kafin la'asar albasa ta sha ruwa.

Ku rubuta a ƙasa cewa Sabi'u ne ya gyara. Amma ku fara sa sunan Inna.