Ranar da Madam ta je neman aure bayan Mahuta

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara koyar da Hausa a wata sakandare a nan Zuru ba, wasu matan Ibo masu shaguna a layinmu suka same ni a gida. Hausar kasuwa suna da ita daidai gwargwado, amma da an bar zancen ciniki sai baki ya mutu. Suka roƙe ni in riƙa yi musu darasi ranar Lahadi da yamma, bayan sun taso daga coci. Na amsa da rawar jiki. A lokacin ji nake duk faɗin Kebbi babu malamar da ta kama ƙafata.

Na sa kafinta ya yi mini allo, na jera benci a barandar gidanmu, na fara zuba musu suna da wakilin suna da aikatau, yadda aka zuba mini a kwaleji. Ni ce mai magana daga farko har ƙarshe, su kuma suna gyaɗa kai. Sai daga baya na gane rabin gyaɗa kan nan gyangyaɗi ne. Kowane mako sai benci ya ƙara faɗi, har wata Lahadi na fito da allina na tarar da mutum ɗaya tak.

Wata dattijuwa ce da kowa ke kira Madam. Bayan rasuwar mijinta ta baro garinsu ta dawo wurin ɗanta, mai sayar da kayan babur a bakin tasha. Duk cikinsu ita ce mai ƙarancin Hausa. Na juya zan fara rubutu, sai ta ɗaga hannu.

"Malama, ajiye alli. Ni ba na son wakilin suna. Ina son magana da kaka."

Da ƙyar, da Hausa da Turanci da nuni, na fahimci damuwarta. Ɗanta na neman wata ma'aikaciyar jinya, 'yar wani ƙauye bayan Mahuta. Cocinsu ɗaya, kawunnan yarinyar sun yarda, amma kakarta, wadda ta raine ta tun rasuwar uwarta, ta ce ba za ta ba da jikarta gidan da ba za ta iya magana da uwar miji ba. An sa ranar zuwa gaisuwa bayan an cire gero. In tsohuwa ba ta gamsu ba, yarinyar ta ce ba za ta tsallake maganarta ba.

Na kai kukana wurin wata abokiyar aikina mai koyar da Turanci. Ta saurare ni, ta yi dariya, ta ce, "Ke kin riga kin iya Hausa, to me ya sa ke ce kike ta yin ta a ajin? Bayanin ki ba su su tafi da shi gida. In sun zo, su yi magana, ke ki saurara."

Raina bai so ba, don a ganina malamin da ba ya gaban allo ba malami ba ne. Amma na gwada. Na riƙa ɗaukar muryata a waya, gajeru-gajeru: yadda ake gaida tsofaffi, yadda ake ban haƙuri, yadda ake roƙon alfarma. Sai in tura musu, su saurara a shago in babu ciniki. Na bi matan nan ɗaya bayan ɗaya na ce su dawo, ba karatu za a yi ba, Madam za a taya neman aure.

Ai kuwa suka dawo, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Wata mai sayar da robobi, wadda ta daɗe tana hulɗa da mutanen ƙauye, ta ɗaura kallabi ta samo sanda ta zama Kaka. Ta fi kakar gaske tsanani. Madam ta durƙusa gabanta ta ce, "Mama, mun zo neman jakarki." Matan suka kwashe da dariya har da masu faɗowa daga benci, su da kansu suka gyara mata: jika, ba jaka ba. Ni ina can gefe a kan turmi, bakina na ƙaiƙayi.

Na so in rubuta mata jawabi ta haddace. Mai robobi ta hana. Ta ce, "Malama, tsohuwa ba ta karanta takardarki ba. Abin da ta ga dama za ta tambaya." Kowace Lahadi sai ta zo da sabuwar fitina, Madam ta yi gumi ta lalubo amsa da 'yan kalmomin da take da su. Tun tana kallona in ta maƙale, har ta daina.

Ranar tafiya na bi su a matsayin tafinta, ko da za a buƙata. Muka bar mota a Mahuta muka hau babura, muka ratsa gonakin dawa har ƙauyen. Maza suka zauna da kawunnai, mu kuma aka kai mu wurin Kaka, wata 'yar ƙaramar tsohuwa a kan tabarma a gindin mangwaro. Yarenta C'lela ne, Hausa ita ma koyonta ta yi. Madam ta durƙusa ta yi gaisuwa tsaf, ta tambayi gida da gona da jiki. Kaka ta amsa a taƙaice, ba fara'a. Na matso zan ƙara bayani, sai ta nuna ni da yatsa.

"Ke malama, yi shiru. Da uwar yaro nake."

Ta dubi Madam ta ce, "Yarinyar nan ba ta da uwa. In ta yi kuka a gidanki, da wane yare za ki rarrashe ta?"

Duk fitinar mai robobi ba ta taɓa kawo wannan ba. Yarinyar na tsaye a bakin ɗaki ta sunkuyar da kai. Sai Madam ta fara, a hankali, tana tsintar kalmomi ɗaya-ɗaya.

"Mama, ni ma na yi aure nesa da gida. Na yi kuka, babu wanda ya tambaye ni. Na san wannan kuka. Hausana kaɗan ne. In ta yi kuka, zan zauna kusa da ita, ba zan tashi ba. In Hausa ya ƙare, ke ki koya mini naki."

Kaka ta zuba mata ido. Can sai ta faɗi wata kalma da C'lela, ta yi mata alama ta maimaita. Madam ta maimaita, ta kwaɓa. Kaka ta sake faɗa, Madam ta sake kwaɓawa, sai tsohuwa ta fashe da dariya har tana tari. Ta matsa gefe, ta bubbuga tabarma ta ce, "Tashi daga ƙasa, zo nan." Matan gidan suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa, babbar tafinta, na ɓuya bayan gyalena ina share hawaye.

An yi bikin bayan Kirsimeti, 'yan ajinmu suka yi anko suka cika fili da rawa.

Abin da har yau nake juyawa a raina shi ne, a cikin maganar da Madam ta yi a gindin mangwaron nan babu jimla ɗaya da na taɓa koya mata. Akwai kurakuran da a jarrabawa da jan biro zan bi su. Amma maganarta ce, ita ta gina ta, a gaban mutumin da take tsoro, kuma ta yi aiki. Tun daga lokacin na sauya yadda nake shiga aji a makarantarmu. Bayani ɗalibai su tafi da shi gida, in mun haɗu su ne da fili. Wasu iyaye sun yi ƙorafi cewa malamar Hausa ba ta aikin komai sai zama. Na gayyace su su zo su zauna tare da ni. Wani uba ya zo da shirin faɗa, ya tarar da 'yarsa, wadda a gida ba a jin muryarta, tana jagorantar muhawara. Da aka tashi, sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Malama, gobe ma akwai?"