Abin da Matsau Ya Zubar

Ranar Talata, takwas ga Maris, 2011, wata dattijuwa ta shiga shagon Matsau da kaset ƙulle a bakin mayafi. Shagon wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene: kujera ɗaya, kwamfuta ɗaya, fanka mai kuka. Sana'arsa juye tsofaffin kaset zuwa waya, kuma maƙwabta ne suka laƙaba masa sunan, don yakan matse sautin awa guda har ya shige ɗan ƙaramin memori. Ba mata, ba ɗa. Abokan hirarsa muryoyin mutanen da bai taɓa gani ba.

"Ɗana, karatun 'yata ne tana ƙarama. Sa mini a waya."

"Mama, wannan wayar ai ta girme ni. Sai na matse shi sosai."

"Matse mana, wuyana ne?"

Ya juye shi kai tsaye a matse, yadda ya saba. Shi wannan tsari yakan zubar da ƙananan sautukan da babbar murya ta danne, wai kunne ba ya kewarsu. Da ƙyar kaset ɗin ya kai ƙarshe, sai tsohon zaren ya cukurkuɗe a cikin na'ura, ya tsintsinke.

Ta kara wayar a kunne, ta saurara har ƙarshe.

"Ina maigidan?"

"Wane maigida, Mama?"

"Marigayi, uban yarinyar. Yana daga bakin ƙofa yana bin karatun ƙasa-ƙasa. Shi na zo ji. Ita 'yar ai kullum sai ta ishe ni da kira."

Matsau ya ƙure sauti. Muryar yarinya tangaram, bayanta kuwa sai wani shuu kamar ruwa a bututu.

"Ba komai, ɗana," in ji ta. Ta gyara mayafi ta fita, bai ko tambayi unguwarsu ba.

Kwana tara ya yi yana liƙa guntayen zaren da salatif. Ya ceto daƙiƙa goma sha ɗaya: gyaran murya, da wani namiji yana cewa "yawwa, ci gaba". Ya adana su ba matsi, ya rubuta takardar cigiyar dattijuwar ya manna a ƙofa. Duk mai mayafin da ta gifta, sai ya ɗaga kai.

Ba ta dawo ba. An rushe benen a 2019. Yanzu Matsau yana gadin wani sito a bayan gari, ya daina juye kaset, kuma kunnensa na hagu ya mutu.